Askin Tere

"Tsaya mana, Tere. Saura kaɗan — kaɗan ya rage."

Moeroa tana durƙushe a bayan ɗanta a barandar gidansu da ke ƙauyen Arorangi a bakin teku, mataji a hannunta, kwalbar man kwakwa a tsakanin gwiwoyinta. Yaron yana zaune a tabarma yana jera murafan kwalba, ja wajen ja, shuɗi wajen shuɗi. Da zarar mataji ya taɓa fatar kansa sai ya ɗage kafaɗu har kunne, ya saki wani siririn ƙara. Shekararsa bakwai, kuma tun haihuwarsa almakashi bai taɓa kusantar kansa ba, kamar yadda ake yi wa ɗan fari har zuwa ranar bikin askinsa. Gashin ya sauko har kugu, baƙi wuluk, mai kauri irin na ubansa. Kullum safiya sai an yi wannan dambe.

Surukarta, Mama Akaiti, ta fito da kofin shayi ta tsaya a kansu.

"Kin cika lallashi, Moeroa. Riƙe shi za ki yi ki taje, ya yi kukansa ya gama. 'Ya'ya shida na raina, ban taɓa roƙon ko ɗaya ba."

"Mama, in na riƙe shi, yau babu zuwa makaranta."

"To ai shi ke nan." Tsohuwar ta zauna, ta dubi ɗanta Piri da ke ɗaure takalmin aiki a kan matakala. "Ku saurara duka. Na kama zauren coci. Watan Disamba, lokacin da mutanenmu na Auckland da Brisbane za su zo hutu, za a yi wa Papana aski."

Papana take kiran Tere, don sunan marigayi mijinta ya ci.

Hannun Moeroa ya tsaya cak. Ta san yadda bikin yake, ta je irinsa ba adadi. A zaunar da yaro a kujera a gaban jama'a, a rarraba gashinsa tufka-tufka a ɗaure kowace da ribon, ɗan siririn ƙyallen ado, a yi ta kiran dangi da suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taso ya yanke tasa, ya sumbaci yaron, ya ajiye kyautarsa. Ga ganguna, ga waƙa, ga lasifika. Tun hantsi har yamma.

"Mama, Tere ba zai iya ba."

"Me zai hana shi? Zama ne kawai."

"Ko waƙar coci ba ya iya ji. A gindin bishiya muke zama duk Lahadi, kin sani. Yaya za a yi mutum ɗari su taɓa masa kai?"

"Ke kika saba masa da gindin bishiyar. Shekara biyu ina ɗinkin tivaevae, bargon adon da za a shimfiɗa masa a kujera, idona har ya fara mutuwa a kai. Ana kiwon aladun biki. An gaya wa kowa." Ta juya. "Piri, kana ji?"

Piri ya gama ɗaure takalmin da ya riga ya ɗaure. "Jirgin ruwan kaya ya shigo, Mama. Na makara. Ma yi magana."

Ya hau babur ya tafi. Moeroa ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Ba haka Piri yake ba da can. A ƙungiyar rawa ta ƙauye suka haɗu, shi yana kiɗa, ita tana rawa a layin gaba. In ta yi kuskure sai ya canja kiɗan don ya rufa mata asiri, 'yan mata su yi ta yi mata tsiya. Ranar da ya je neman aurenta, a gaban yayyenta maza ya tsaya ya ce ko sun ba shi ko sun hana, gobe ma zai dawo. Mutumin da bai ji tsoron yayyenta ba, shi ne yanzu ba ya iya ɗaga ido a gaban uwarsa.

Tere yana shekara uku wata likitar yara da ta zo daga New Zealand ta gaya musu sunan abin: otizim. Ta ce ba laifin kowa ba ne, ba kuma ciwo ba ne da za a sha magani ya tafi. Haka ƙwaƙwalwarsa take karɓar duniya, ƙara da taɓawa suna yi masa yawa. Tun daga lokacin Moeroa ta bar aikin otal, Piri ya kai gangarsa gidan abokinsa. Tere ba ya cin komai sai farin burodi da aka cire wa ɓawo da dafaffen gwaza. Kafin zakaru su fara cara ya farka. Maganarsa kalma ɗaya ce, biyu in an yi sa'a. Mama Akaiti kuwa cewa ta yi sunan Turawa ne kawai suka laƙaba wa sangarta.

Da yamma Moeroa ta sami Piri a bayan gida yana ɓare kwakwa.

"Baban Tere, yaushe za ka yi mata magana?"

"Zan yi."

"Haka ka ce lokacin da ta ce a daina ba shi burodi."

"Moe, na gaji. Tun safe nake ɗaukar kaya."

"Ni ma na gaji. Rabona da barci mai sunan barci har na manta. Amma ni ba ni da jirgin da zan gudu wajensa."

Ya ajiye kwakwar. "Ki fahimce ta. Babana bai samu ya ga askina ba, talauci ya hana. Wannan bikin take rayuwa dominsa. In na ce mata a'a, kamar na kashe ta ne."

"Shi kuma ɗanka fa?"

"Wataƙila in ya ga yara... wataƙila ya ba mu mamaki."

Ta daɗe tana kallonsa. Daga cikin ɗaki suka ji Tere ya fara buga ƙofa, don lokacin wankansa ya wuce. Ta juya ta tafi.

Makonni suka shuɗe, "zan yi" bai zama "na yi" ba. Waya ta yi ta shigowa daga ƙetare, wannan ya sayi tikiti, wancan yana tambayar launin rigar da za a saka.

Ranar Asabar Moeroa take kai ganyen gwaza da ta dafa da madarar kwakwa kasuwar gari, Piri ya zauna da yaron. Wata Asabar rana ba ta yi tsaka ba wayarta ta yi ƙara.

"Moe, ki zo. Ba mu ga Tere ba."

Ba ta san yadda ta bar teburinta ba. Ta tarar da gidan cike da ƙawayen Mama Akaiti na ƙungiyar matan coci, sun yi cirko-cirko. Kujera a kife a tsakar falo, ribon ja da fari a warwatse a ƙasa. Tsohuwar na zaune ta naɗe hannu da tawul, jini ya ɓullo ta jiki.

"Cizona ya yi," in ji ta. "Ni kakarsa, ya cije ni kamar kare."

Moeroa ba ta tsaya ji ba. Ta tsallaka babban titi a guje, inda bas ke wucewa, ta bi bakin ruwa tana kiran sunansa duk da ta san ba ya amsawa. Wani maƙwabci ne ya nuna mata ƙarƙashin wani tsohon kwalekwale da aka kife. Tere yana ciki a dunƙule, yana jijjiga jiki gaba da baya. Ya fizge ribon ɗin da aka ɗaura masa tare da gashin, fatar kansa ta yi jini a wuri biyu. Ba ta taɓa shi ba. Ta kwanta a yashi a gefen kwalekwalen, ta miƙa hannunta ciki ta ajiye, tana hawaye ba sauti. Sai da inuwa ta juya kafin ya ɗora yatsunsa a kan nata.

Da suka dawo gida, Piri yana tsaye a baranda.

"Ka san za a yi wannan?"

"Ta ce gwaji ne kawai, don ya saba..."

"Ka sani ke nan."

"Ban yi zaton za su riƙe shi ba, Moe. Na fita sayo ƙanƙara ne, kafin in dawo—"

Mama Akaiti ta katse shi daga ciki. "Kar ka ba ta haƙuri. A zuriyarmu ba a taɓa samun yaro haka ba. Ta je ta bincika gidansu."

Matan cocin suka sunkuyar da kai. Moeroa ta dubi mijinta, tana jira. Ya buɗe baki, ya rufe.

Ta shiga ɗaki ta zuba kayan Tere a jaka, har da gwangwanin murafansa. Ta ɗauki nata kala biyu. Ta kama hanyar Titikaveka, gidan yayarta Tepaeru.

Tepaeru bazawara ce mai baki, 'ya'yanta duk sun tafi ƙetare. Ta share musu ɗaki, ta ɗora tukunya, ta fara.

"Na gaya miki tun ranar da ya zo da gangarsa. Namijin da ya iya kiɗa, kiɗan kawai ya iya."

"Yaya, don Allah."

"Ba zan yi shiru ba. Dubi wuyanki, kamar na kazar da ta yi jinya. Ki tattara ki tafi Auckland wajen 'yata. Can akwai makarantun irin su Tere, akwai masu taimako. Ki bar shi ya auri uwarsa."

Sabon wuri ya hargitsa Tere. Kwana da kwanaki ba ya barci, yana zagaye ɗaki yana taɓa bango, yana cewa "gida, gida". Ya ƙi yarda a kusanci kansa sam, gashin ya cuɗe ya zama dunƙule. Wata rana da la'asar gajiya ta kayar da shi, ya yi barci a kan tabarma rub da ciki, irin barcin da ko an ɗaga shi ba zai sani ba.

Tepaeru ta shigo a hankali ta ajiye almakashin ɗinkinta a cinyar ƙanwarta.

"Ga shi. Yanke shi duka, yanzu. Ki huta, shi ma ya huta. In ya so su yi bikinsu da gashin alade."

Moeroa ta ɗauki almakashin. Ta tattara gashin a hannun hagu, mai nauyi, mai ƙanshin man kwakwa. Ta tuna duk safiyoyin da ta yi a durƙushe, ta tuna maganar "gidansu". Motsi ɗaya na yatsa, komai ya ƙare. Har ta buɗe bakin almakashin.

Sai ta rufe ta miƙa wa yayarta.

"Me kuma?"

"In na yanke, ba za su taɓa yafe mini ba. Ni ban damu ba. Amma shi ma ba za su ƙara kallonsa a nasu ba. Yaya, ni ba dawwama zan yi ba. Ranar da ba ni, wa zai cire masa ɓawon burodi? Waɗannan mutanen da nake jin haushi, su ne dai zai samu. Ba zan raba shi da su don ina fushi ba."

Tepaeru ta yi tsaki, amma ta zauna kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. "Ke dai kin fiye taurin kai. Kwanta ki yi barci kafin ya tashi."

Piri yana zuwa kullum bayan aiki. Ya ajiye burodi a bakin ƙofa, ya zauna a kan babur yana kallon gidan, Tepaeru na jifansa da magana ta taga. "Mai jirgi ya iso! A kawo masa kujera ko sauri yake?" Rannan Moeroa ta fito da kanta, mataji a hannu.

"Moe, ku dawo gida."

Ta miƙa masa matajin. "Taje masa kai."

"Ni?"

"Ɗanka ne. Shekara bakwai ba ka taɓa yi ba. Ka taje masa, sannan ka zo mu yi maganar gida."

Ya shiga da ƙarfin gwiwa, ya fito da shatin farce a hannu, rigarsa jiƙe da gumi, bai taje ko tsawon yatsa ba. Washegari ya zo da sassafe kafin aiki. Haka jibi. Ya koyi cewa ba a zuwar wa Tere ta baya ba tare da an yi magana ba, ba a yi masa tambaya biyu a jere, kuma in ya fara kaɗa hannu to a dakata. Amma matajin dai ya gagara.

Wata Lahadi da safe, bayan an sake yin kuka, Piri ya ajiye matajin ya ce, "Zo mu je ruwa." Tafkin da ke bayan gidan Tepaeru a kwance yake lumui, bai wuce kugu ba. Tere ya shiga, ya kwanta rigingine a kan hannun ubansa, kunnuwansa a cikin ruwa, idonsa a sama. Jikinsa ya saki gaba ɗaya. Gashin ya baje a kan ruwa. Piri ya sa yatsu a hankali ya fara warware dunƙulen, yana jiran ihu. Shiru. Ya ƙara. Shiru.

"Moe," ya kira ƙasa-ƙasa. "Zo ki gani."

Ta shigo da zaninta, ta tsaya a ɗaya gefen. Su biyu suka yi ta warwarewa, yaron yana tsakaninsu yana wani ɗan gunaguni na jin daɗi. Can ta ga kafaɗun mijinta na rawa.

"Na bar ki ke kaɗai," ya ce. "Ina kwana a gidan, ina cin abincin gidan, amma na bar ki ke kaɗai. Kullum ina ce wa kaina zai warware, don in na yarda haka yake, ban san me zan yi ba. Ranar da Mama ta faɗi maganar nan na yi shiru... ban ƙara samun barci ba."

"Barka da shigowa cikinmu, marasa barci."

Ya yi dariya cikin hawaye. Ita ba ta yi ba.

"Ina sonka, Piri, ban daina ba. Amma na gaji da son mutumin da sai na roƙe shi ya tsaya kusa da ni. Ba zan koma gidan nan ba sai ka faɗa mata da bakinka."

"Yau zan faɗa."

Ya sami uwarsa bayan an tashi daga coci, tana ninke tivaevae ɗin, farar hularta ba ta ma cire ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda yake yi yana yaro.

"Mama, Tere ba zai zauna a zaure ba."

"Ta aiko ka ke nan."

"Ba wanda ya aiko ni. Ni ne ubansa, ni nake faɗa. Ba sangarta ba ce, Mama. Na gwada da hannuna, mataji a kansa kamar wuta ne. Kuma abin da kika ce game da gidansu Moe, ba daidai ba ne. Da ba don ita ba, da yaron nan ko makaranta bai taka ba."

"Ni kake gaya wa ba daidai ba? Ni da na haife ka?"

"Ki yafe mini. Amma haka ne."

Ta shafa ɗinkin da hannunta mai tabon cizo. Da ta sake magana, muryarta ta sauka. "Mutane sun sayi tikiti. Me zan ce musu? In tsaya a gaban 'yan'uwan ubanka in ce jikansa, mai sunansa, ba zai iya zama a kujera ba?"

"Haka za ki ce. Ko ni in ce. Akwai yadda za a yi masa askin, in kin yarda ki zo ki gani. In ba ki yarda ba, ba za a yi ba."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kwanaki ba ta ci abincin da ya kawo mata ba, ba ta amsa gaisuwarsa. Piri ya rame, amma bai janye ba. Yana kwana a gidan uwarsa don kar ta zauna ita kaɗai, da asuba ya wuce Titikaveka.

Sai wata safiya bas ta tsaya a gaban gidan Tepaeru, Mama Akaiti ta sauko da sandarta. Ba ta shiga gidan ba. Ta zagaya bakin ruwa ta zauna a kan kututturen kwakwa, tana kallon ɗanta da jikanta a cikin tafki. Moeroa ta kawo mata shayi, ta tsaya a gefe.

"Zauna mana, kin tsaya mini a kai."

Ta zauna.

"Kullum haka yake yin lamo a ruwa?"

"Yawanci. Wata rana kuma ya ƙi."

Tsohuwar ta kurɓi shayin. "Da na riƙe shi rannan, zuciyarsa na bugawa a hannuna kamar ta tsuntsu. Na ji. Amma mata suna kallo, sai na ƙi saki." Ta share ido da gefen riga. "Ina tsoron in mutu ban ga an yi masa abin da ake yi wa kowane ɗa ba. Ina tsoron a ce shi ba cikakke ba ne."

"Ni ma tsoron da nake kwana da shi ke nan, Mama."

"Maganar da na yi ta gidanku, bakin tsufa ne. Ki zubar da ita."

"Na zubar."

"Ba ki zubar ba, amma za ki zubar. Wane irin burodi ne ma yake ci? Na ga gidan ba daɗi tun da ba ku nan."

Suka koma gida a wannan makon. Ba a ce komai ya gyaru ba. Tere ya ci gaba da farkawa kafin zakaru, sai dai yanzu kwana ɗaya Piri ke tashi, kwana ɗaya Moeroa. Kowace safiya suna kai shi ruwa, suna nuna masa ɗan ƙaramin almakashi, ya riƙe, ya jefar, su ɗauko. Piri ya yanke nasa gashin a gabansa sau da yawa har abokan aikinsa suka fara tambaya ko ɓera ne ke cinsa. Moeroa ce ta lura cewa in an yanka a ƙarƙashin ruwa, almakashi ba ya ƙara.

Disamba ta zo, dangi suka cika gari. Aka yi bikin a zaure yadda aka shirya, da ganguna da aladu da komai. Kujerar na gaba an shimfiɗa mata tivaevae, ba kowa a kai. Mama Akaiti ta karɓi lasifika.

"Jikana Tere yana da otizim. Ku koyi sunan, ni ma da kyar na koya. Ƙara na yi masa ciwo, taro na yi masa ciwo. Yana gida da uwarsa. Duk mai son ya yanki gashinsa, ya same mu a bakin ruwa da safe, mutum biyu ko uku, ba kiɗa, ba sumba. Wanda ba zai iya jiƙa wandonsa ba, mun gode da zuwa."

Aka fara ƙus-ƙus a zauren. Wani ƙanen marigayin ya ce shi bai taso daga Brisbane don ya yi wanka ba, a zamaninsu ba a san wannan ba. Bai zo ba, kuma har ya koma bai taka gidan ba. Abin ya yi wa tsohuwar ciwo ƙwarai.

Amma sauran sun zo.

Safiyar farko Mama Akaiti ta shiga ruwa da rigarta ta coci, Tepaeru na riƙe da ita tana cewa, "A hankali, Mama, kar mu yi biki biyu." Tere yana kwance a hannun ubansa. Moeroa ta sunkuya ta ce masa, "Kaka ce. Za ta taɓa gashi. Sau ɗaya." Ta ware tufka ɗaya ta nutsar. Tsohuwar ta yi addu'a a ranta, leɓunanta kawai ke motsi, ta yanke. Yaron ya ɗan juya ido ya dube ta, ya mayar sama. Ta ɗago tufkar tana ɗigar ruwa, ta manna a ƙirji.

Haka aka yi ta yi. Wata safiyar mutum uku su samu, wata safiyar Tere ya ƙi shiga ruwan sam, manyan mutane su koma gida da jiƙaƙƙun kaya ba su yanki komai ba. Kansa ya yi kwanaki rabi dogo rabi gajere, yaran unguwa na dariya. Waɗansu dangin hutunsu ya ƙare ba su samu ba, aka yanka a madadinsu. Amma duk wanda ya shiga ruwan nan ya fito ya san yadda ake yi wa Tere magana, ya san a ina ake tsayawa, ya san ba a yi masa gaggawa. Wata 'yar baffansa da ta zo daga Auckland ta zauna kusa da shi a yashi har rana ta yi zafi, ba ta ce uffan ba, kuma bai tashi ya bar ta ba.

Tufkar ƙarshe iyayensa aka bar wa. Piri ya riƙe, Moeroa ta yanke. Da suka fito, Tere ya shafa ƙeyarsa, ya sake shafawa, iska na taɓa wurin da ba ta taɓa taɓawa ba. Suka tsaya suna jiran kuka.

"Sanyi," ya ce. Ya wuce gaba ya nufi gida.

Suka zauna a yashi, jiƙe sharkaf, kafaɗa da kafaɗa.

"Gobe wa ke tashi?" in ji Piri.

"Kai."

"Na ɗauka ke ce."

"Kai ne, Baban Tere."

"To, ni ne." Ya kama hannunta ya riƙe.

Gajiyar ba ta ƙare ba, kuma ba za ta ƙare ba. Yaro irin Tere aikinsa na kullum ne har girma. Amma Moeroa ba ita kaɗai take ɗauka ba yanzu. Da ta yanke gashin nan cikin fushi, da ta huta na rana ɗaya ta rasa dangin ɗanta. Da Piri ya ci gaba da shiru, da ya rasa matarsa yana zaton biyayya yake yi. Haƙuri ba shi ne mutum ya rufe baki ana cutar da nasa ba. Shi ne ya faɗi gaskiya da ladabi, ya tsaya a kanta, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda bai gane ba tukuna. Duk gidan da Allah ya ba irin wannan yaro, kada su ɓata shekaru suna jan shi zuwa inda suke tsaye. Su taka su same shi inda yake.